Zawon Yara da Magungunan da Suka Fara Daina Ci

An shirya wannan shafi domin iyaye mata da iyaye maza, da kakanni, da duk mai rainon ƙaramin yaro a birnin Yamai da kewaye. Za ku iya karanta shi ku kaɗai, ko a aji tare da malaminku. A ƙarshensa akwai tambayoyi na tattaunawa.

Kun san yadda abin yake faruwa. Yaro ya wayi gari da zawo. Gidan likita da nisa, ko kuwa layi ya yi tsawo, ga aikin gida yana jira. Sai a aiki yayansa wurin mai tebur a bakin titi, ya sayo kafso biyu ko uku mai launin ja da rawaya, ko ƙwayar Flagyl, ko ruwan Bactrim. A fasa kafson, a zuba garin cikin koko, a ɗura wa yaro. Bayan kwana uku zawo ya tsaya, kowa ya ce magani ya yi aiki.

A mafi yawan lokuta ba maganin ne ya tsayar da zawon ba. Da ma zai tsaya da kansa. Amma maganin ya bar wani abu a cikin yaron: ƙwayoyin cuta da suka saba da shi, waɗanda ba zai sake kashe su ba. Ranar da yaron, ko ƙaninsa, ko ɗan maƙwabta ya kamu da cutar da take buƙatar maganin da gaske, ana iya ba shi ya sha, bai warke ba. Wannan matsala ta riga ta iso Nijar, kuma kuna da rawar da za ku taka wajen rage ta.

Me ke kawo zawo?

Zawo, ko gudawa, shi ne yaro ya yi kashi mai ruwa sau 3 ko fiye a rana ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2024 cewa zawo yana kashe yara sama da 440,000 'yan ƙasa da shekara 5 a duniya kowace shekara. Abin da ya fi kashe su shi ne ruwa da gishirin da ke fita daga jiki ba a mayar da su ba.

Ƙananan halittu ne, waɗanda ido ba ya gani, suke kawo zawo. Suna fita cikin kashin mai ciwo, su shiga bakin mai lafiya ta hanyar hannu, ko ruwa, ko abinci, ko ƙuda. Sun kasu gida uku.

Na farko su ne birus. Wanda ya fi damun jarirai shi ne rotabirus. Daga Afrilu 2010 zuwa Maris 2012 an gwada kashin yara kusan 10,000 da aka kai gidajen likita da zawo mai tsanani a Yamai da jihar Maraɗi. An sami rotabirus a cikin kimanin 30 daga kowane 100.

Na biyu su ne bakteriya. Daga cikinsu akwai Shigela mai kawo atuni, wato zawo mai jini, da Salmonela, da Kamfilobakta, da wasu irin E. koli, da kuma mai kawo kwalara.

Na uku su ne wasu halittu irin su amiba, waɗanda maganinsu daban ne.

Sau da yawa akan ce zawon jariri na haƙori ne, don haka ba a damu da shi ba. Ku lura: lokacin da haƙori ke fitowa shi ne lokacin da jariri yake rarrafe, yake kai komai baki, kuma yake fara cin abinci ban da nono. Ƙwayoyin cuta ne suka shiga cikinsa. Zawon lokacin haƙori yana ƙarar da ruwan jiki kamar kowane zawo.

Mene ne antibiyotik, kuma yaya yake daina ci?

Antibiyotik magani ne da ke kashe bakteriya, ko ya hana su hayayyafa. Amoksisilin, da kotirimokzazol wanda aka fi sani da Bactrim, da tetrasikilin na cikin kafso, da siprofuloksasin, da azitromisin, duk antibiyotik ne. Ba su yi wa birus komai. Idan rotabirus ne ya kama yaro, ko kwalba nawa ya sha, birus ɗin ba zai ji ba.

A cikin hanjin kowane mutum akwai bakteriya masu yawan gaske. Mafi yawansu ba su cutarwa, wasu ma suna taimakon narkar da abinci, suna tare wa miyagun ƙwayoyi wuri. Idan yaro ya sha antibiyotik, maganin ba ya zaɓe. Yana kashe duk masu rauni, nagari da miyagu. Amma akan sami 'yan kaɗan da suke da dabarar kare kansu. Su ne suke saura, su sami fili, su hayayyafa. Wasu bakteriya suna rabuwa biyu cikin minti 20 kacal idan sun sami wuri mai kyau, don haka cikin 'yan kwanaki sai su cika hanji.

Manoman wake sun san irin wannan. Idan aka yi ta fesa magani iri ɗaya kowace damina, ƙwarin da suka tsira su ne suke haihuwa, har a kai shekarar da feshin ba ya kashe komai. Manya daga cikinku kuma za su tuna da nibakin. Shekaru da yawa shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro a kowane gida. Da ƙwayar cutar ta saba da shi, sai ya daina warkarwa, har Nijar ta canza magani a 2005.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata ku riƙe. Na ɗaya, ba jikin yaro ne yake sabawa da magani ba, ƙwayar cutar ce. Saboda haka yaron da bai taɓa shan antibiyotik ba yana iya kamuwa da ƙwayar da ba ta jin magani, idan ya ɗauke ta daga wani. Na biyu, bakteriya suna iya miƙa wa junansu wannan dabara, ko da ba irinsu ɗaya ba. Ƙwaya marar cutarwa da ke zaune a hanji tana iya ba Shigela ko Salmonela abin da za su kare kansu da shi.

Masana sun daɗe da sanin haɗarin. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a Landan a 1928, ya yi gargaɗi a 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai sa ƙwayoyin cuta su saba da shi.

Abin da bincike ya gano a Nijar

A cikin waɗancan shekaru biyu, daga 2010 zuwa 2012, cibiyar bincike ta Epicentre, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar likitoci ta MSF, tare da Cibiyar Pasteur ta Faransa, sun ƙara duba kashin yara 4,020 masu zawo a jihar Maraɗi domin neman bakteriya. An buga sakamakon a 2015. Ga abin da ya nuna:

1. A cikin yara masu zawo mai ruwa, an sami bakteriya mai cutarwa a 28 daga kowane 100. Ke nan a mafi yawansu ba a sami abin da antibiyotik zai kashe ba.
2. Yara 230 ne suke da zawo mai jini. A cikinsu an sami bakteriya a 42 daga kowane 100, kuma Shigela ce ta fi yawa.
3. Fiye da rabin ƙwayoyin Shigela, da Salmonela, da E. koli da aka gwada ba su jin amoksisilin, ba su kuma jin kotirimokzazol. Waɗannan biyun suna cikin magunguna mafi araha da aka fi ba yara.
4. Kimanin 13 daga kowane 100 na Salmonela suna fitar da wani sinadari da ke lalata hatta magunguna masu ƙarfi, irin allurar seftiriyakzon da ake yi wa yaran da aka kwantar a asibiti.

Wani binciken, wanda aka buga a 2011, ya duba yara 55 da aka kwantar saboda tamowa mai tsanani a wata cibiya a Maraɗi. Kusan ɗaya cikin uku sun iso da irin waɗannan ƙwayoyi masu lalata magani a hanjinsu. Waɗanda suka iso ba tare da su ba, aka kuma sake gwada su ranar sallama, kusan dukkansu sun fita da su. Yaran ba su da yawa, amma darasin a fili yake: inda aka tara marasa lafiya, ana ba su antibiyotik, ƙwayoyin nan suna yaɗuwa da sauri.

A gundumar Madarumfa kuma an gwada yara kusan 2,400 masu tamowa waɗanda ba su da wani ciwo mai tsanani tare da ita. Rabinsu an ba su amoksisilin na kwana 7, rabi ba a ba su ba. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna cewa adadin waɗanda suka murmure kusan ɗaya ne. Da aka duba kashinsu, sai aka ga waɗanda suka sha maganin sun fi ɗaukar ƙwayoyin da ba su jin magani, kuma ƙwayoyin suna kaiwa ga 'yan'uwansu na gida.

Kada ku ce wannan labarin Maraɗi ne. Motoci suna kai da kawo tsakanin Maraɗi da Yamai dare da rana, ɗauke da mutane, da dabbobi, da kayan lambu, da kwalayen magani. Irin magungunan da ake sha can su ne ake sha nan.

A duniya baki ɗaya, wani babban lissafi da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 mutane miliyan 1.27 sun mutu saboda bakteriyar da ba ta jin magani. Ɗaya cikin biyar yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asarar rayuka.

Me ya sa matsalar ke ƙaruwa a Yamai?

Dalili na farko shi ne sayen magani ba tare da takardar likita ba, wadda ake kira ordonans. A kasuwanni, da tashoshin mota, da cikin unguwanni, masu tebur da masu talla suna sayar da antibiyotik ƙwaya ƙwaya. Mai sayarwa bai duba yaron ba, bai san nauyinsa ba, bai san abin da ke damunsa ba. Abin da kuɗin mai saye ya kai shi ake ba shi.

Na biyu shi ne ingancin maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta a 2017 cewa a ƙasashe masu tasowa, magani ɗaya cikin goma jabu ne ko marar inganci. Ko na gaskiya ne, idan ya wuni a faranti cikin ranar Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce maki 40, yana iya lalacewa. Maganin da ƙarfinsa ya ragu ba ya kashe ƙwayar cuta, sai dai ya ba ta damar sabawa.

Na uku shi ne ruwa da ƙazanta. A watan Satumba na 2020 Kogin Isa ya yi ambaliya, ruwa ya shiga unguwanni irin su Lamorde, da Kirkisoy, da Saga. A 2024 ma ruwan sama ya yi ɓarna a duk jihohin ƙasar. Idan ruwa ya cika masai, kashi yakan gauraya da ruwan rijiya da na kududdufin da yara ke wasa a ciki. Ko ba ambaliya, ruwan datti na gari yana bin ƙoramar Gunti Yena zuwa kogi, kuma akwai lambuna a gefenta. Duk inda kashi ya bi, ƙwayoyin da ba su jin magani suna biye da shi.

Na huɗu shi ne kiwo. Ana ba kaji da raguna antibiyotik irin na mutane, sau da yawa ba tare da shawarar likitan dabbobi ba. Ƙwayoyin da suka saba da maganin a cikin dabba suna fita cikin kashinta, a tsakar gidan da jariri yake rarrafe.

Na biyar yana cikin gidan likita. Gwajin da zai nuna irin ƙwayar da ta kama yaro, da maganin da take ji, yana ɗaukar kwanaki, yana da tsada, kuma ba a yin sa a ƙananan cibiyoyi. Ga shi wasu iyaye suna ganin idan ba a rubuta allura ko ruwan magani ba, ba a duba ɗansu da kyau ba. Wannan yakan sa ma'aikaci ya rubuta antibiyotik don kada ransu ya ɓaci.

Uwar da ta sayi kafso a tebur ba ta yi don ta cuci ɗanta ba. Rashin kuɗi, da nisa, da tsoro ne suka kai ta. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta kafa tsarin duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a cibiyoyin gwamnati, amma ba kullum ake samun maganin a wurin ba. Muddin mai tebur ya fi gidan likita kusa da sauƙi, matsalar ba za ta ƙare da wa'azi kaɗai ba.

Darasin azitromisin

Kada ku fahimci cewa antibiyotik abin gudu ne. Wani gwaji da aka yi a Nijar ya nuna amfaninsa da farashinsa a lokaci guda.

Daga ƙarshen 2014, a ƙauyukan Boboye da Loga na jihar Doso, an riƙa ba yara 'yan wata 1 zuwa wata 59 azitromisin sau ɗaya kowane wata 6, masu ciwo da masu lafiya. Wasu ƙauyukan kuma ba a ba su maganin ba, domin a kwatanta. Sunan gwajin MORDOR, kuma an yi shi har a Malawi da Tanzaniya. Sakamakon 2018 ya nuna cewa a Nijar mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin 100 a ƙauyukan da aka ba maganin. Wani gwajin mai suna AVENIR, a jihohin Doso da Tawa, ya nuna raguwar kashi 14 cikin 100 a 2024.

Amma masu binciken sun ci gaba da duba kashin yaran. Bayan shekara 4, alamun bijire wa azitromisin da danginsa a hanjin yaran da suka sha maganin sun ninka na sauran sama da sau 7. Azitromisin kuwa yana cikin magungunan da likitoci ke komawa gare su idan atuni ya ƙi jin na farko.

To, a nan akwai zaɓi mai wuya: rayukan da za a ceta yau, da ƙarfin maganin da za a buƙata gobe. Hukumomin lafiya ne suke auna wannan, da lissafi da gwaji a hannu. Abin da ya shafe ku shi ne ku gane bambancin. A Doso an rage ƙarfin magani, amma an ceci yara. Idan kuka ba mai zawo mai ruwa kafso daga tebur, kun rage ƙarfin maganin, ba ku kuma amfani yaron da komai ba.

Abin da za ku yi idan yaro ya kamu da zawo

Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka bayyana maganin zawon yara: ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinki, da ci gaba da ciyarwa.

1. Ku fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun kashi na farko. Ana samun ƙunshinsa, wanda ake kira SRO, a cibiyoyin lafiya da farmasi. Ku wanke hannu, ku zuba ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya na ruwa mai tsabta.
2. Idan babu ƙunshin, ku haɗa lita ɗaya na ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, duk a shafe. Kada gishirin ya wuce haka.
3. Bayan kowane kashi, ɗan ƙasa da shekara 2 ya sha rubu'i zuwa rabin babban kofi. Wanda ya wuce shekara 2 ya sha rabin kofi zuwa kofi ɗaya. A ba shi kaɗan kaɗan da cokali.
4. Idan ya yi amai, ku jira minti 10, sannan ku ci gaba a hankali.
5. Abin da ya kwana ya wuni, wato ya kai awa 24, a zubar a haɗa sabo.
6. Ku ba shi zinki kullum har kwana 10 zuwa 14, yadda ma'aikacin lafiya ya nuna, ko da zawon ya tsaya. Zinki yana rage tsawon ciwon, yana kuma kare yaro daga sake kamuwa cikin watanni 2 zuwa 3.
7. Uwa ta ƙara yawan ba da nono. Yaron da ya fara cin abinci a ci gaba da ba shi, kaɗan kaɗan sau da yawa.

Ruwan gishiri da sukari ba ya tsayar da zawo nan take, shi ya sa wasu suke raina shi. Aikinsa shi ne ya riƙe ran yaro har jiki ya kori cutar. Kada ku ba ƙaramin yaro maganin ɗaure ciki, yana da haɗari gare shi. Tetrasikilin kuma yana ɓata haƙoran yara 'yan ƙasa da shekara 8.

Yaushe za ku garzaya gidan likita?

Ku kai yaro CSI ko asibiti mafi kusa, ko da dare ne, idan kuka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Jini a cikin kashi.
2. Ya kasa shan ruwa ko nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha.
3. Idanu sun faɗa, ko maɗiga ta lotsa, ko fatar ciki ba ta komawa da sauri idan aka ja ta.
4. Ya yi laushi, ko yana barcin da ake wahalar tashinsa, ko yana jijjiga.
5. Zazzaɓi mai zafi.
6. Kashi mai yawa kamar ruwan wankin shinkafa, wanda alama ce ta kwalara.
7. Bai sami sauƙi ba bayan kwana 3.
8. Jariri ne da bai kai wata 2 ba, ko yaro mai tamowa.

Waɗannan su ne yaran da wasunsu suke buƙatar antibiyotik, musamman mai zawon jini. A da ana ba mai atuni kotirimokzazol ko amfisilin. Da Shigela ta daina jin su a ƙasashe da yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta koma ga siprofuloksasin. Flagyl kuwa, da ake yawan saye saboda atuni, maganin amiba ne, ba ya kashe Shigela, kuma amiba ba ta cika kawo atuni ga ƙananan yara ba.

Idan an rubuta wa ɗanku antibiyotik, ku saye shi a farmasi mai izini. Ku ba shi adadin da aka ce, a lokacin da aka ce, har kwanakin da aka ce. Kada ku raba shi da wani yaro, kada ku ajiye saura domin gaba. Ku faɗa wa likita duk abin da yaron ya riga ya sha, ku tafi da kwalin ko kwalbar. Idan bayan kwana 2 babu sauƙi, ku koma, domin mai yiwuwa ƙwayar ba ta jin maganin. Idan kuwa likita ya ce SRO da zinki sun isa, ku yarda da shi. Bai raina ku ba.

Riga-kafi

Yaron da bai kamu ba ba ya buƙatar magani, kuma ba ya yaɗa ƙwayar cuta.

1. Nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo.
2. Riga-kafin rotabirus. Nijar ta shigar da shi cikin riga-kafin jarirai a 2014. Ɗiga shi ake yi a baki, tun jariri yana da mako 6. A Madarumfa ma aka gwada wani irinsa mai jure zafi, sakamakon 2017 ya nuna yana hana kashi biyu cikin uku na zawo mai tsanani da rotabirus ke kawowa. Ku cika katin riga-kafi, har da na ƙyanda.
3. Wanke hannu da sabulu bayan bayan gida, da bayan wanke wa yaro, da kafin dafa abinci ko ciyar da shi.
4. Kashin jariri yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba. A zuba shi a masai.
5. A rufe randa, a ɗebi ruwa da moɗa mai mariƙi wadda ba a ajiye ta a ƙasa. Ruwan rijiya ko na kogi a tafasa shi, ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa.
6. Salak da sauran abin da ake ci ɗanye a wanke su da ruwa mai tsabta. Abincin da ya kwana a ɗumama shi har ya yi zafi sosai.
7. A raba wurin kaji da dabbobi da wurin wasan yara.

Aikin hukuma

Akwai abin da gida ba zai iya ba. Samar da ruwan famfo da magudanai, da tabbatar da cewa SRO da zinki ba su yanke a CSI ba, da tsare kan iyaka daga jabun magani, aikin hukuma ne. A Yamai akwai cibiyar bincike ta CERMES da ke nazarin cututtuka, da ɗakin gwaji na LANSPEX da ke duba ingancin magani. A Janairu 2020 Nijar ta shiga yarjejeniyar da wasu ƙasashen Afirka suka ƙulla a birnin Lome domin yaƙar fataucin jabun magunguna. A Satumba 2024 kuma ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi alkawarin rage mutuwar da wannan matsala ke jawowa da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Kuna da haƙƙin tambayar mai unguwa, da kwamitin kula da CSI na unguwarku, abin da ake yi a kan ruwa, da masai, da ƙarancin magani.

Ku tuna

Mafi yawan zawon yara ba ya buƙatar antibiyotik. Kowane zawo yana buƙatar ruwan gishiri da sukari, da zinki, da abinci. Zawo mai jini na gidan likita ne. Antibiyotik ɗin da aka sha ba bisa ƙa'ida ba yana rage masa ƙarfi ga yaran unguwa duka.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Da yaro ya yi zawo a gidanku na baya bayan nan, me aka fara ba shi? Wa ya yanke shawarar?
2. A ina ake samun SRO da zinki mafi kusa da ku? Akwai su a gidanku yanzu?
3. Ku lissafa alamu 5 da za su sa ku kai yaro gidan likita da dare.
4. Idan kaka ta ce a sayo kafso domin zawon haƙori ne, yaya za ku yi mata bayani cikin ladabi?
5. Ina ruwan datti na unguwarku yake zuwa da damina? Me za ku iya yi tare a kai?